Ƙafafun Yaya Dogo

Sun toshe mini duwatsuna. Tun da na aje aiki, abin da nake fara yi bayan sallar asuba da kofin shayi shi ne in fita balko, ƴar barandar gidanmu, in dubi gabas. Gidanmu a sama yake, cikin dogayen benayen nan na unguwar Minguettes a gefen Lyon, kuma ranar da gari ya waye tas sai ka hango duwatsun Alp can nesa, farare kamar an shanya zannuwa. Maƙwabtana suna cewa in sun fito sarai haka to ruwa na tafe, ni kuwa ba ruwa nake dubawa ba. Bara aka kawo injuna aka fara haƙa a filin da ke gabanmu, bana gini ya tashi har ya wuce kanmu. Yanzu in na fita, tagar wata mata nake gani da tukwanen furanninta. Ban kai ƙara ko'ina ba, mutane na bukatar wurin kwana. Amma abin ya yi mini zafi fiye da yadda ya kamata gini ya yi wa tsoho zafi, har uwargida ta tambaye ni ko gadon duwatsun aka bar mini.

Ana cikin ɗora wa ginin rufi jikata ta kira ni daga Paris. Karatu take a jami'ar Saint-Denis, kuma ta shiga cikin ɗaliban da ake ba horon hafsan soja a gefen karatunsu, abin da uwarta ba ta so, ni kuma na yi kamar ba na so. Gaisuwar waya irin tasu ce, kafin ka amsa ina kwana an wuce wurin. Ta ce za a kai su wata ƙasa can ƙarshen arewacin Turai, su yi makonni suna jan kaya a kan dusar ƙanƙara suna kwana a tanti. Na ce to amarya, ke da ba ki fita sayen burodi in ana yayyafi, wa zai ɗauko mini ke in kin daskare? Ta yi dariya ta ce tsohon miji ya kwantar da hankalinsa, rigarta tana da batir mai ɗumama baya, agogon hannunta kuma yana sanar da kapitan bugun zuciyarta tun kafin ita ta san ta gaji.

"T'inquiète, Papi, kada ka damu, komai an tsara shi," in ji ta. "Kai ma ai ka yi irin wannan tafiyar, ko? Mama ta ce ba ka son ba da labarin."

Na ce mata labarin babu daɗi ne, sai wata rana. Da na aje wayar sai na koma balko na zauna ina kallon furannin matar nan, zuciyata kuwa ta riga ta tsallake ginin.

Mu ƴan kaɗan ne muka zo daga gida a lokacin. Gwamnati ce ta turo mu karatun injiniya a Villeurbanne, da sharaɗin in mun gama mu koma mu sa kaki. Ranakun mako muna aji, ƙarshen mako muna bariki, in an yi hutu kuma wasu ɗalibai na tafiya ganin iyayensu, mu sai a loda mu a bayan kamiyo, babbar motar soja, a nufi duwatsu. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar takalmanmu a kan duwatsun tsakar barikin, da usur ɗin ajidan, wato babban kurtun da ke horar da mu, da warin kitsen da muke shafa wa takalma don kada ruwa ya ratsa su. Jakar bayanmu ta tamfol ce, in ta sha ruwa nauyinta ya ninka. Safa ta ulu ce mai ƙaiƙayi, kowa shi ke wanke tasa a bokiti ya matse ya rataya a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, ɗakin duka ya ɗauki warin jiƙaƙƙiyar tunkiya. Babu na'urar da za ta gaya maka inda kake. Taswira ce da allurar nuna arewa, in ka ɓata ka ɓata, sai ka zauna ka yi tunani. Ran Lahadi da yamma kuwa mukan taru a ɗaki ɗaya mu tuƙa tuwon garin samul, wato tsakin alkama, mu kaɗa kukar da wani ya zo da ita daga gida, mu ci da hannu a tire guda, ɗaliban Faransa na leƙowa suna tambayar abin da ke ƙamshi haka.

Mai raba naman tiren nan shi ne Yaya Dogo. Mutumin Adar ne, daga wajen Tawa, ya girme mu duka da shekaru domin ya ɗan koyar a lakwal, makarantar bokon ƙauye, kafin a ɗauke shi. Shi ya tarbe ni a gar, tashar jirgin ƙasa, ranar da na sauka Lyon ina rawar ɗari cikin ƴar rigata ta shadda. Shi ya kai ni kasuwar gwanjo ya zaɓa mini kwat, ya koya mini shiga bis, ya hana ni gaishe da duk wanda na haɗu da shi a hanya. Shi ke ba mu salla, shi ke shiga tsakani in an yi faɗa, kuma shi ya raɗa mini Auta, sunan da ya bi ni har na yi furfura. A gudu babu mai kama shi, a harbi haka, a lissafi ma Turawan ajinmu wurinsa suke zuwa. Kowa ya san in aka zo ɗaura galo, alamar muƙamin hafsa, a kafaɗa shi za a fara kira. Mahaifinsa tsohon soja ne da bai taɓa wuce ƙaramin kurtu ba, kuma Yaya ya sha gaya mana cewa tsohon ya ce ba zai mutu ba sai ya sara wa ɗansa. Ina son Yaya Dogo kamar wan da muka fito ciki ɗaya, kuma ina jin tsoronsa daidai da haka.

Kafin in faɗi abin da ya faru, sai na faɗi yadda aka rene mu, domin yaran yanzu ba za su gane ba. Mu a gidajenmu ba a faɗin ciwo. Ina yaro kunama ta harbe ni a gona, na kwarma ihu, mahaifina bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen kunyarsa, sannan ya zo ya dubi wurin ya ce ai ya zaci maciji ne da wannan kururuwar. Mahaifiyata ta yi doguwar jinya, kuma duk wanda ya shigo dubiya ya ce yaya jiki, amsarta ɗaya ce, da sauƙi. Ranar da ta rasu ma da safe da sauƙi ta ce. Ba ƙarya muke ɗaukar wannan ba. Ladabi ne, kada ka ɗora wa wani nauyinka, kuma godiya ce ga Allah a kan abin da ya rage maka. Sannan akwai wata doka da ba a taɓa faɗa mana ita da baki ba amma kowa ya san ta: ƙane ba ya buɗe rashin ƙarfin wansa a gaban baƙi. Da wannan tarbiyya aka ɗauko mu aka kawo mu ƙasar da ƙato mai gemu zai tsayar da tafiya ya ce ɗan yatsansa na damunsa. Mun yi wa samarin Faransa dariya ba kaɗan ba a kan haka, da Hausa, a gabansu.

A shekararmu ta ƙarshe aka shirya babbar tafiya. Wannan karon ba duwatsun kusa ba, tsallaka iyaka za mu yi zuwa ƙasar Suwis, mu yi kwanaki a saman ƙanƙara muna bi daga wannan bukka zuwa waccan. An gaya mana ƙa'ida tun a bariki: wanda ya sauko kafin ƙarshe ba shi da galo a bana, sai ya sake baɗi. Ga yawancinmu wannan jinkiri ne kawai. Ga Yaya Dogo kuwa babu baɗi, domin shekarunsa sun kai iyakar da ake ɗauka. Ya sani, mun sani, ba wanda ya ɗaga maganar.

Kafin mu tashi mun je sallama wurin wani dattijo ɗan Chadi mai sayar da yadi, wanda ke ba mu sallar Juma'a a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, domin lokacin babu manyan masallatan da ake gani yanzu. Malam ya ja mana kunne cewa a irin wannan sanyin taimama ta halatta, Allah bai ɗora wa bawa abin da zai cutar da shi ba. Kowa ya tsinci ɗan dutse mai santsi a bakin kogi ya jefa a aljihu. Yaya Dogo bai ɗauka ba. Cewa ya yi dutsen da za mu hau gaba ɗayansa ruwa ne, da wane ido zai dubi Ubangijinsa ya ce bai samu ruwa ba. Haka kuwa ya yi. Kowace asuba sai ya narka ƙanƙara a ɗan kofinsa na ƙarfe, ruwan ko ɗumi bai gama yi ba, ya fita waje ya yi alwala cikakkiya har ƙafafu, ya tura su cikin safa da danshinsu don kada ya makara wa usur. Mu muna ciki muna shafa dutse muna jin kunya. Gaskiya ban ga ganganci a lokacin ba, burge ni abin yake yi.

Tafiyar kanta ba zan iya ba da ita yadda take ba. Mu da muka tashi inda ƙasa take shimfiɗe har iyakar gani, sai ga mu ɗaure da igiya a kugu, uku uku, da ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalma da ɗan gatari a hannu. Shirun wurin ya fi komai tsaya mini a rai. Ba tsuntsu, ba ƙuda, sai ƙurus ƙurus ɗin ƙanƙara a ƙarƙashin ƙafa da numfashin na gabanka. A igiyarmu Yaya ne a gaba, ni a tsakiya, a baya wani siririn Bafaranshe mai yawan surutu wanda ba ya rabuwa da zancen yarinyar da zai aura. Duk inda aka tsaya hutu ajidan zai bi mu ɗaya ɗaya yana tambaya, hannu fa, ƙafa fa, kana jin yatsunka? Ya sha faɗa mana cewa sanyi ba ya zuwa da ciwo, ciwon ne ma yake ɗaukewa, kuma wanda ya ɓoye ba kansa kaɗai ya cuta ba, duk igiyarsa ya cuta. Samarin Faransa sai su zayyana masa komai. Mu kuwa amsarmu ɗaya, ça va, wato lafiya lau ɗinmu ce muka sa mata rigar Faransanci.

Ana saura kaɗan a gama, wata asuba na ga Yaya bai kunna wutar narka ƙanƙara ba. Zaune yake a bakin gado da takalmansa a ƙafa, da alama da su ya kwana. Ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba, ya ce in ara masa dutsena. Na ba shi, amma na san mutumin nan ba lalaci ne zai sa shi taɓa dutse ba. Da muka kama hanya sai na sa wa ƙafafunsa ido, tun da ni ke bayansa. Takunsa ya sake. Da can kamar kyanwa yake tafiya a kan ƙanƙara, ranar kuwa jefa ƙafa yake yana dira ta duk inda ta faɗa. Can sai ƙarfen takalminsa na hagu ya kwance ya koma gefe, ya ci gaba da tafiya a kansa bai sani ba, sai da na ja igiya na nuna masa. Da aka tsaya hutu na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya na ce Yaya, ƙafafun nan fa?

"Lahiya lau," in ji shi.

Na ce ban yarda ba, ya bari in gani. Sai ya juyo ya dube ni, irin kallon da ban taɓa samu daga wurinsa ba.

"Auta, abin ga saura kaɗan. In ka buɗe baki, ba ni ba kai."

Ga ajidan yana tahowa daga igiya zuwa igiya, ina jin tambayarsa tana matsowa. Ban san tsawon lokacin da abin ya ɗauka ba, amma na yi tunani mai yawa a cikinsa. Na tuna tsohon da ke zaune a Adar yana jiran ya sara wa ɗansa. Na tuna kwat ɗin gwanjo da ke jikina a ƙarƙashin kaki. Na san in na yi magana na tona asirin wana a gaban Turawan da muke wa dariya, kuma na rushe abin da ya yi shekaru yana ginawa. Amma na tuna hotunan da aka nuna mana a bariki, na ƙafafu baƙaƙe kamar gawayi. Kuma a gabanmu akwai wani siririn tudu da za mu bi washegari, rami dama rami hagu, inda mutumin da ba ya jin ƙafarsa zai zame ya tafi da ni, ya tafi da mai surutun nan da ko sanin abin da ake ciki bai yi ba. Ajidan ya iso ya tambayi Yaya, Yaya ya ce ça va da murya mai ƙarfi. Ya juyo kaina. Na ce ni lafiyata ƙalau, amma a duba ƙafafun na gabana.

Ajidan bai tsaya tambaya ba, ya ce a kwance takalman. Yatsun sun yi fari sun yi tauri kamar kyandir, ya matsa su da ƙarfi Yaya bai ko motsa ba. Abin da ajidan ya yi bayan nan ban taɓa mantawa da shi ba. Mutumin da bai taɓa yi mana murmushi ba ya durƙusa a ƙanƙara, ya buɗe rigunansa har fata, ya ɗauki ƙafafun Yaya Dogo ya cusa su a cikinsa ya rufe, yana ta zagi ƙasa ƙasa. Kowa ya taru yana kallo. Na san a wurin Yaya wannan ya fi sanyin ciwo, babban mutum kwance a bayansa, ƙafafunsa a tumbin wani, ƙannensa tsaye a kansa. Ya kawar da fuska. Da aka zo ɗaukarsa a sauka da shi ne kawai ya neme ni da ido, ya yi maganar a hankali, ba faɗa.

"Ka gama da ni, Auta."

Mu muka ƙarasa tafiyar. Na tsaya a ƙololuwar da aka yi ta ba mu labarinta, abokai na rungumar juna, ni ko kallon ƙasa ban iya yi da daɗi ba. Da muka koma Lyon na tarar an yanke masa ƙananan yatsu biyu na ƙafar hagu. Likita ya ce da an ƙara yini guda, ƙafafun biyu ne za su tafi har idon sawu. Na ɗauka wannan magana za ta wanke ni a wurinsa. Na je dubiya da lemu a leda, na ce Yaya yaya jiki, ya ce da sauƙi, ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen gida, ya yi mini godiya, ya juya ga bango. Ƴan'uwanmu suka rabu biyu a kaina. Wasu suka ce na kyauta, wasu suka ce da na bar shi ai da ya lallaɓa ya kai, har akwai wanda ya ce gurbinsa nake so. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, ranar ɗaura galo sunana ne ya fito kusa da sama. Tuwon Lahadi bai sake haɗuwa ba.

Yaya Dogo bai koma gida ba. Ya kasa haɗa ido da mahaifinsa, sai ya wuce Paris ya samu aiki a wajen gyaran fitilun hanyar jirgin ƙasa, ya yi aure, ya zauna a Saint-Denis. Tsohon ya rasu bai sara wa kowa ba. Ni na koma na sa kakin na wasu shekaru, daga baya aiki ya dawo da ni Lyon na zauna. Mu ƴan ƙasa ɗaya a nan ba mu da yawan da za a ɓace wa juna, saboda haka mun yi ta haɗuwa, a suna, a ɗaurin aure, a jana'iza. Bai taɓa ƙin gaishe ni ba. Gaisuwa yake mini cikakkiya, ba ya tsallake ko ɗaya, ina aiki, ina iyali, ina gajiya, ina sanyi, ni ma in mayar masa, duka lafiya lau, sannan ya saki hannuna ya juya ga na kusa. Auta kuwa bai sake fita daga bakinsa ba, na koma Malam, daga baya Alhaji. Da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa yin nadamar abin da na faɗa a kan dutsen nan ba, ko yau aka mayar da ni zan sake faɗa. Amma rashin nadama bai hana ni kewar wana ba, kuma na yi kewarsa shekara da shekaru alhali yana tsaye a gabana.

Shi ya sa nake rasa inda zan tsaya in ana zancen yaran yanzu. Su komai faɗa suke. Na gaji, raina ba daɗi, kaina ya ɗauki zafi, yau ba na son magana da kowa. Wani lokaci abin na ba ni haushi, in ce yaro ko yunwar kirki bai taɓa ji ba yana lissafa ciwo. Ina ganin akwai abin da muka sani na daurewa wanda su ba za su taɓa sani ba, kuma ina jin takaicin tafiyarsa, kamar yadda nake jin takaicin duwatsuna. Amma in na tuna farin yatsun nan sai bakina ya mutu. Jikata ba za ta taɓa rasa ƙafa don kunya ba. Ko ta yi shiru ma agogonta zai tona ta, kuma ba wanda zai yi shekaru yana gaba da agogo.

Ana jibi za su tashi na hau jirgin ƙasa mai gudun nan zuwa Paris don in sa mata albarka. Tafiyar da a da muke wuni muna yi, yanzu kafin ka gama gyangyaɗi an iso. Na kutsa cikin cunkoson metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har Saint-Denis, na tarar da ita ta baje kaya a tsakar ɗaki, kowane da sunansa da aikinsa, jakar duka ba ta kai nauyin takalmana na da ba. Ranar Juma'a ce, sai na bar ta da uwarta suna gardamar abin da za a ɗauka na wuce masallaci. Wurin alwalarsu a ƙasa yake, ƴan kujerun siminti jere a gaban famfuna, ruwan har da ɗumi. Na zauna na naɗe hannun riga ke nan sai wani ya dafa bango ya zauna a kujerar da ke kusa da ni, da ƙyar, yana aje sanda. Ban buƙaci ɗaga kai ba. Ƙafar hagun da ya zare daga takalmi ta ishe ni.

Ban sake ganin ƙafar ba tun ranar dutsen. Muka fara alwala. Ina satar kallonsa yana bin tsakanin yatsun da ɗan ƙaramin yatsan hannunsa, a hankali, har ya zo inda babu ya shafa wurin ya wuce. Da ya gama sai ya zaro ƙyalle daga aljihu ya goge ƙafafun sarai, ya sake gogewa, kafin ya ɗauki safa. Ya yi magana yana kallon famfo.

"Na ji jikarka za ta hau ƙanƙara."

Na ce haka ne, jibi in Allah ya so.

"Ka hwaɗa mata ta busar da ƙahwa kahin ta sa safa. Kuma ta samu mai baki a igiyarta." Ya ja safar. "Shekarun hwarko, duk alwala in na zo wurin biyun ga da babu, sai in tuna ka, raina shi ɓaci. Sau biyar a yini, ka ga ba ka samu hutu ba. Ban san ranar da na koma ƙirga waɗanda sunka saura ba."

Na jawo takalmana. Ga mutane na jiran kujerun, ladan ya fara gyara murya a sama. Sai bakina ya koma inda ya saba, na ce Yaya, ina jiki?

Ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko tun muna samari.

"Ba lahiya, Auta. Duk sanyi sai sun yi mini ciwo, har waɗanda babu. Kama ni in tashi."

Na kama shi. Ya yi nauyi fiye da yadda na zata, kuma bai rage mini ko kaɗan ba, ya sakar mini jikinsa gaba ɗaya. Na ɗauko masa sandar amma bai karɓa ba, sai ya riƙe kafaɗata, muka hau matakalar a hankali, shi a gaba ni ina biye.